Daga Ina Kalmar 'Glide' Ta Sulalo Cikin Turanci?

Kun taɓa ɗaga kai a bakin mahauta kun kalli shirwa? Ta baza fukafukai, ba ta kaɗa su, iska ce kawai ke tafiya da ita. Bahaushe ya ce tana shawagi. In maciji ne cikin ciyawa, sai ya ce ya sulale. Bature kuwa kalma ɗaya ta ishe shi, 'glide', wato tafiya sumul babu gargada.

Kalmar nan tana da tarko a ɗakin jarrabawa. An koya muku 'ride' da 'rode', sai ɗalibi ya auna ya rubuta 'glode', malami ya ja masa jan biro. Daidai a yau shi ne 'glided'. Abin mamaki, da a Ingila ta ƙarni na 14 ɗalibin nan yake, da ya ci makinsa, domin shahararren mawaƙinsu Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, 'glood' ya rubuta.

To, me ya faru? Sai mun bi salsala. Turanci ba a Ingila aka haife shi ba. A ƙarni na 5 wasu ƙabilu, Angles da Saxons da Jutes, suka tsallaka teku daga inda arewacin Jamus da Denmark suke a yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya da harshensu. Cikin kayan da suka zo da shi har da aikatau 'glidan', da doguwar 'i' kamar ta 'kifi'. Idan aikin ya wuce sai su ce 'glad', da doguwar 'a'. Sauya wasali ake yi a cikin kalmar, kamar dai 'ride' da 'rode'. Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka bi hanya mai sauƙi ta liƙa 'ed' a ƙarshe. Lafazin ma ya juya: tsakanin ƙarni na 15 da na 17 doguwar 'i' ta koma 'ai', shi ya sa yau ake cewa 'glaid'.

'Yan'uwan da aka bari a gida suna nan. Bajamushe yana cewa 'gleiten', mutumin Holan yana cewa 'glijden'. Su ba su yar da tsohuwar al'ada ba: in aikin ya wuce, a Jamusanci 'glitt' ne, a Holanci 'gleed'. Da masana suka jera waɗannan kalmomi, sai suka gano kakansu ɗaya ne, wani harshe da aka yi magana da shi a arewacin Turai fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Babu littafi ko ɗaya da aka rubuta da shi, ta hanyar kwatanta jikokinsa aka gane kamanninsa.

Ku lura da 'd' ta Turanci da 't' ta Jamusanci. Ba a nan kaɗai ba ne: 'day' da 'Tag', 'door' da 'Tür', 'good' da 'gut'. Sauti ba ya sauyawa da ka, ƙa'ida yake bi. Mu ma muna da irin wannan: Basakkwace ya ce 'zamna' da 'amre', Bakano ya ce 'zauna' da 'aure'.

Kalmar ta hau sama a zahiri a 1891, lokacin da wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya fara shawagi da fukafukan da ya ƙera bayan ya daɗe yana nazarin tashin tsuntsaye. Ya tashi sama da sau 2,000 kafin ya faɗo ya rasu a 1896. Jirgi marar inji irin nasa shi ne Turawa ke kira 'glider'.

Ranar jarrabawa dai ku tuna: 'ride' ta riƙe gadon kakanni, 'glide' ta saki. Ku rubuta 'glided'.