Ko Kun Sani? Kaluluwa Ba Ita Ce Cutar Ba

Kaluluwar da ke fito wa mutum a matsematsi idan ƙafa ta yi miki alama ce jiki na kare kansa. Ƙananan ƙulle-ƙulle sama da 500 ne a jiki, har da wuya da hammata, suna tace wani ruwa da ke tsattsafowa daga jini. Ruwan ya kwaso ƙwayoyin cuta daga mikin, fararen ƙwayoyin jini su hayayyafa don yaƙarsu, sai wurin ya kumbura. Wani zai ce ai tana hana tafiya, a tsaga ta mana. Tsaga sabon miki kawai take ƙarawa. A kula da na ƙafar, ita ma za ta sace. Amma in ta wuce mako biyu, ta yi tauri ba zafi, a je asibiti, don tarin fuka ko sankara kan ɓuya nan.