Gano Ciwon Tsohon Injin Naɗe Ingirici a Ƙasar Batsari da Safana



Wataƙila wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da injin gona. Kalmomi uku ne suka haɗa mu, waɗanda kowane ɗan Batsari ko Safana ya tashi da su, watau ingirici da harawa da dami. Ingirici busasshiyar ciyawa ce da aka yanka aka adana, harawa ganyen wake ne ko na gyaɗa, dami kuwa shi ne ɗaurin. Injin da zan yi magana a kansa ba kome yake yi ba illa dami, sai dai nasa mulmulalle ne kamar ganga, yakan kuma wuce kilo 300. Wani manomi a Amurka, Gary Vermeer, shi ya fito da babban samfurinsa a 1971, kuma wanda ya iso hannun manominmu sau da yawa na hannu ne, ya riga ya cinye ƙuruciyarsa a wata ƙasa.

Wannan yanki ƙasar kiwo ce tun fil azal. Makiyayar Runka da ke cikin Dajin Rugu tana cikin waɗanda aka fara gyarawa a zamanin dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Amma da ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka mamaye dajin a shekarun da suka biyo bayan 2010, sai masu dabbobi da yawa suka koma ga abin da suka tara a gida. Lokacin tarawar kuwa gajere ne, daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba zuwa kafin gamba da kyasuwa su tsufa su zama kara. Injin da ya kwanta mako biyu a wannan tsakani, shanun gidan ne za su biya bashin da bazara.

Ga yadda yake aiki. Tarakta tana jansa tana kuma juya shi, galibi juyi 540 a minti. Wasu haƙoran ƙarfe suna kwasar ciyawa daga ƙasa su tura ta ciki, inda belabelai masu faɗi ke murza ta har ta zama dunƙule. Sa'an nan a zagaye ta da igiya, a ɗaga ƙofar baya, damin ya mirgino. Abin da nake so mu riƙe shi ne, kafin a ɗauki sifana, a fara duban damin, don shi ne mai ba da shaida.

Alal misali, damin da ya fito da kai ɗaya ƙato ɗaya siriri, kamar turmi, sau da yawa laifin direba ne, domin ya bar ciyawa tana shiga ta gefe guda maimakon ya riƙa karkata hagu da dama. In ya gyara tuƙi abin bai canja ba, to a kwance belabelan a shimfiɗa su a auna, za a tarar wani ya miƙe ya fi 'yan'uwansa tsawo. Damin da ya fito sako-sako kuwa, matsi ne ya yi rauni, ko sifirin ya saki ko man haidirolik yana yoyo. In injin yana barin ciyawa a bayansa, a ƙirga haƙora. An ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen fili, mu kuma gonakinmu kunya-kunya ne, ga kututture ga duwatsu, musamman wajen Ruma.

Akwai ciwon da ya fi waɗannan wahalar da mutane, watau injin ya ƙi fara naɗi, ciyawa ta cushe a bakinsa. Nan ne ake zagin bakanike a banza. Ciyawar da ta sha hunturu ta bushe ƙayau tana da santsi, tsohon bel kuma ya goge, saboda haka babu abin da zai kama wani. Maganin yana wurin tsofaffin manoma, waɗanda ba sa ɗaure harawa da tsakar rana, sai da sassafe tana da sauran laushi, don kada ganyen ya kakkaɓe a bar dabba da tsirara jijiya. Haka injin yake so. Amma fa laushi daban, danshi daban. Babban damin da ruwan jikinsa ya haura kamar kashi 18 cikin 100 zai yi zafi daga ciki ya yi fumfuna, wani lokaci har ya kama wuta da kansa. A murɗa ciyawar a hannu: in ta bar sanyin ruwa a tafi, a ba ta wata rana.

Wutar da ta fi yawa, duk da haka, daga boris take tashi. Ƙurar hunturu tana cakuɗa da giris ta zama kamar yashi, boris ya yi zafi, ga kuma ɓurɓushin ciyawa kewaye da shi. Bayan 'yan damuna kaɗan a kashe tarakta ɗungurungum, a zare makulli, a kai bayan hannu kusa da kowane boris. Wanda ya fi sauran zafi, kwanansa ya ƙare. Kada kowa ya kuskura ya ciro cushe injin yana juyawa, ya fi hannun mutum sauri nesa ba kusa ba.

Saura ƙusa ɗaya da na ga ana yi wa rashin adalci. A jikin sandar da ke kawo juyi daga tarakta akwai wata ƙusa mai taushi, da gangan aka yi ta don ta karye in injin ya haɗiyi dutse ko itace. Mai injin yakan gaji da sayenta, ya sa a ɗaura masa ta baƙin ƙarfe mai tauri. Daga ranar ƙusa ba ta ƙara karyewa, sai giya ta karye a madadinta, ita kuwa giyar injin da aka daina ƙerawa, ko a Kano sai an yi sa'a.