Haɗe Garuruwa da Raba Su: Darasin Ƙwayar Halitta daga Japan zuwa Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1999 ƙasar Japan tana da ƙananan hukumomi 3,232, wato birane da garuruwa da ƙauyuka waɗanda kowannensu ke da shugabansa da majalisarsa da baitulmalinsa. Zuwa ƙarshen Maris na 2010 sun koma 1,727. Garuruwan suna nan inda suke, mutanensu ma suna nan. Hukumominsu ne aka rushe aka zuba su cikin manyan birane. Nijeriya kuwa ta bi wata hanya dabam, domin ƙananan hukumominta 301 ne a 1976, amma zuwa 1996 sun kai 774. Ƙasa ɗaya tana haɗewa, ɗaya tana rabawa, kuma kowace tana cewa jin daɗin talaka take nema.

To, wane girma ne ya dace da hukumar da ke kula da asibiti da makaranta da rijiyar ƙauye? Tambayar ta yi kama da ta masu mulki, amma kimiyyar halittu ta daɗe da sanin irinta, saboda kowane mai rai yana fama da ita tun daga ƙwayar halitta guda har zuwa giwa. Wannan maƙala za ta duba abin da ya faru a Japan, ta auna shi da ƙa'idoji biyu na jikin mai rai, sa'an nan ta dawo da mai karatu Birnin Kudu da Gwaram a kudancin jihar Jigawa.

Yadda Japan ta haɗe garuruwanta

Sau uku Japan ta yi gagarumin aikin haɗe garuruwa, kuma kowane karo akwai hidimar da ake so hukuma ta iya ɗauka. Na farko ya auku tsakanin 1888 da 1889, a zamanin Sarki Meiji, inda garuruwa da ƙauyuka 71,314 suka koma 15,859. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne gidaje 300 zuwa 500, gwargwadon abin da zai riƙe makarantar firamare da karɓar haraji da rajistar iyali. Na biyu ya gudana daga 1953 zuwa 1961, adadin ya sauka daga 9,868 zuwa 3,472. A wannan karon an nemi kowace hukuma ta tara kimanin mutum 8,000, domin ta iya gudanar da ƙaramar makarantar sakandare.

Na uku shi ne na 1999 zuwa 2010, kuma dalilinsa tsufan al'umma ne. Yawan mutanen Japan ya kai ƙololuwa a 2008 da kimanin miliyan 128, daga nan ya soma raguwa. A yau kusan mutum 3 cikin kowane 10 sun kai shekara 65 ko sun wuce. Matasa sun tafi birni, ƙauyuka sun rage masu biyan haraji, ga kuma tsofaffi masu bukatar kulawa. Gwamnatin tsakiya ba ta tilasta wa kowa ba, amma ta sa kwaɗayi: duk garuruwan da suka yarda suka haɗe an ba su damar cin bashi na musamman wanda ita za ta biya kashi 70 cikin ɗari, aka kuma yi musu alkawarin ba za a rage musu kasonsu na kuɗi ba har shekara 10. Ƙauyuka masu cin gashin kansu suka ragu daga 568 zuwa 184. Wasu ƙalilan sun ƙi, kamar garin Yamatsuri na lardin Fukushima, wanda majalisarsa ta shelanta a 2001 cewa ba zai haɗe da kowa ba.

Ribar girma

Hujjar masu haɗewa tana da tushe a jikin dabbobi. A shekarar 1932 wani masani ɗan asalin Suwizalan mai suna Max Kleiber, yana aiki a Kalifoniya ta Amurka, ya auna yawan kuzarin da dabbobi daban-daban ke ƙonawa suna hutawa. Ya gano cewa bukatar abinci ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar nauyi. Alal misali, dabbar da ta ninka wata sau 10,000 a nauyi, kuzarin da take bukata ya ninka ne sau 1,000 kacal. Ke nan kowane kilo na jikin babbar dabba ya fi sauƙin ciyarwa sau 10. Zuciyar ɓera tana bugawa kimanin sau 600 a minti, ta giwa kuwa kimanin sau 30. Ƙaramin jiki tsada gare shi.

Haka abin yake ga hukuma. Ƙauye mai mutum 2,000 yana bukatar shugaba da ma'aji da ofis kamar yadda gari mai mutum 50,000 ke bukata. Da Japan ta rage hukumomi 1,505, ta rage kujerun shugabanni 1,505 tare da majalisunsu. Bugu da ƙari, akwai abubuwan da ƙaramin gari ba zai taɓa iya riƙewa shi kaɗai ba, irin su likitan tiyata da injiniyan ruwa da motar kashe gobara. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hasarar nisa

Idan girma riba ce zalla, me ya hana ƙwayar halitta ta yi ta kumbura har ta kai girman kabewa? Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. A ɗauki dunƙule mai fuska shida kamar na magi, tsawon kowane gefe santimita 1. Faɗin fuskokinsa 6 ne, cikinsa 1, wato 6 ga 1. In aka ninka gefen ya zama santimita 2, fuskoki sun zama 24, ciki ya zama 8, wato 3 ga 1. In gefen ya kai santimita 10, fuskoki 600 ne, ciki 1,000. Ciki yana ƙaruwa fiye da fata, alhali ta fatar ne abinci da iska ke shiga.

Ƙa'ida ta biyu ta fi wannan tsanani. Iskar oksijin tana ratsa ruwan jiki ne da kanta, a hankali, kuma in nisa ya ninka sau 10, lokacin tafiya ninkawa yake yi sau 100. Tana ƙetare ƙwayar halitta guda cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma santimita 1 zai ɗauke ta sa'o'i, mita 1 kuwa shekaru. Saboda haka ƙwayar da ta yi girma hanya biyu gare ta: ko ta rabe gida biyu, ko jiki ya shimfiɗa mata hanyoyin kai kaya. Wannan shi ne aikin jijiyoyin jini, waɗanda ke rarrabuwa har su kai siririn da ido ba ya gani, ta yadda kusan kowace ƙwaya a jikin mutum ba ta fi kaurin gashi ɗaya ko biyu nisa da jini ba. Inda jini ya daina zuwa, naman wurin mutuwa yake yi, ko da zuciya lafiya lau take.

Japan ta ga wannan da idonta. A watan Fabrairu na 2005 birnin Takayama na lardin Gifu ya haɗiye garuruwa da ƙauyuka 9, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,177, kusan daidai da lardin Tokyo, alhali mutanensa ba su kai 100,000 ba. Tsofaffin sakatariyoyi a wurare irin wannan sukan koma ofisoshin reshe, a kwashe yawancin ma'aikata zuwa hedkwata, sai shaguna da gidajen abinci da ke rayuwa da su su bi bayansu.

Mafi ciwo shi ne abin da ya sami Ishinomaki a lardin Miyagi. A watan Afrilu na 2005 birnin ya haɗe da garuruwa 6, cikinsu har da Ogatsu da Oshika da Kitakami da ke bakin teku. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa ta tsunami, mutane fiye da 3,000 suka rasu a wannan birni kaɗai. Hanyoyi suka yanke, ofishin reshe na Kitakami shi kansa ruwa ya rushe shi. Masu nazari da dama sun lura daga baya cewa ƙarancin ma'aikata a rassa, da kuma jiran umarni daga hedkwatar da ita ma ruwa ya mamaye, sun jinkirta agaji da sake gini a gefen ƙasar. Ogatsu ta rasa fiye da rabin mazaunanta a shekarun da suka biyo baya. Karin maganar nan da ke cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira ta tabbata a kansu a zahirinta.

Birnin Kudu da Gwaram

Kudancin Jigawa ya ɗanɗani haɗewa da rabewa duka biyu. A gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an ƙayyade cewa kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000. Tsohuwar jihar Kano ta sami 20, Birnin Kudu na cikinsu, kuma ƙasar Gwaram a ƙarƙashinta aka sa ta. A Jamhuriya ta Biyu gwamnatocin jihohi suka ƙirƙiro sababbi da yawa, amma a 1984 gwamnatin soja ta soke su ta mayar da adadin 301, wanda shi ma wani nau'in haɗewa ne. A zamanin gwamnatocin sojan da suka biyo baya Gwaram ta sami tata hukumar, aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, daga bisani kuma aka fitar da Buji mai hedkwata a Gantsa.

Dalilin rabewar a fili yake. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000, Gwaram sama da 270,000. Gwaram ita kaɗai faɗinta kimanin murabba'in kilomita 1,900 ne, ta kusa kai Takayama, mutanenta kuwa sun ninka nata kusan sau uku. Al'ummar da ke ƙaruwa tamkar ƙwaya ce mai girma, dole wata rana ta rabe. Mutumin Fagam ko Farin Dutse ko Basirka da a dā sai ya je Birnin Kudu neman takarda ko kai kuka, yanzu tafiyarsa ta ragu.

Amma ƙa'idar Kleiber ba ta yafe wa kowa. Kowace sabuwar hukuma tana zuwa da sakatariya da shugaba da kansiloli da motoci, duka daga kaso ɗaya da ya kamata ya sayi magani ya haƙa rijiya. Haka kuma rabewa ba ta kawar da bukatar babban abu ba: babban asibitin tarayya da ke Birnin Kudu marasa lafiya daga Gwaram da Buji da maƙwabtan garuruwan jihar Bauchi ne ke cika shi, kuma babu ƙaramar hukumar da za ta iya riƙe irinsa. Abin da ke haɗa majinyaci da wannan asibiti hanya ce. A watan Agusta na 2021 ruwan sama ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, kimanin mutum 20 suka rasu. Ranar da gada irin wannan ta yanke, mace mai naƙuda a hayin kogi ba ta amfana da kusancin sakatariya ko girman asibiti.

Ƙaramin da aka haɗiye bai mutu ba

Akwai darasi na uku a cikin ƙwayar halitta. A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin mutum akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ne ke sarrafa abinci ya zama kuzari. A 1967 wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kawo hujjoji cewa asalinsu bakteriya ne masu zaman kansu waɗanda wata babbar ƙwaya ta haɗiye fiye da shekara biliyan ɗaya da rabi da suka wuce, kuma masana sun karɓi wannan bayani. Abin lura shi ne ba a narkar da su ba. Har yau suna da bangonsu, suna da nasu kundin gado mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37 a jikin ɗan'adam, suna kuma yin aikinsu a wurin da ake bukatarsa. Da babbar ƙwayar ta narkar da su, da ta ci sau ɗaya ta rasa amfaninsu har abada.

Ƙasar Hausa tana da irin wannan tsari a hakimi da dagaci da mai unguwa. Birnin Kano ya haɗiye ƙauyuka irin su Hotoro da Ɗorayi da Na'ibawa da Sharaɗa, gonakinsu suka zama gidaje, amma sunayensu da masu unguwanninsu suna nan. Amfanin hakan ya bayyana a yaƙi da cutar shan inna. Daga 2009 aka shigar da sarakunan gargajiya na Arewa cikin aikin rigakafi gadan-gadan, masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata gida-gida, domin su ne suka san inda aka yi haihuwa da inda aka ƙi buɗe ƙofa. An ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Kammalawa

Gari ba dabba ba ne, mutane kuma suna da zaɓi da ra'ayi waɗanda ƙwayar halitta ba ta da su. Duk da haka ma'aunin ɗaya ne. Haɗewa tana rage tsada ta ƙara nisa, rabewa tana rage nisa ta ƙara tsada. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera sunayen ƙananan hukumomin Nijeriya ɗaya bayan ɗaya, don haka ƙara su ko haɗe su ba abu ne mai sauƙi ba a yau. Abin da ya rage a hannun Birnin Kudu da Gwaram da Buji shi ne abin da jiki ke yi: a yi tarayya a kan manyan abubuwa kamar asibiti da madatsar ruwa, a bar wa ƙauye ƙaramin asibitinsa da ma'aikacin da ke kwana a cikinsa, a kuma duba gadoji da kwalbatoci kafin damina ta sauka. Duk lokacin da aka sake tayar da zancen ƙirƙiro hukuma ko haɗe ta, tambayar da ta kamata mai karatu ya yi ita ce: minti nawa zai ɗauki mutumin ƙauye mafi nisa kafin ya isa wurin taimako a tsakiyar watan Agusta?