Zazzaɓi Mai Tsanani a Jikin Yara: Alamominsa da Matakan Kula da Shi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama da yake ambaton zafin jiki da su, kamar zazzaɓi da masassara da janti. Sai dai abin lura shi ne, zazzaɓi ba shi ne ainihin cutar ba, alama ce kawai da ke nuna jiki yana fafatawa da wata cuta da ta shige shi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin fayyace yadda ake gane zazzaɓin da ya tsananta ga yaro, da kuma abin da ya kamata iyaye su yi.

2.0 Gane Zazzaɓi

Zafin jikin mai lafiya yakan tsaya wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya kai 38, ko 37.5 in a hammata aka auna, to, zazzaɓi ya samu. Taɓa goshi da bayan hannu ba ya wadatarwa, ma'aunin zafin jiki shi ne abin dogaro.

Sau da yawa akan ji uwa ta ce, "Ai haƙori ne." Alhali kuwa fitowar haƙori ba ta haddasa zazzaɓi mai tsanani. Wannan zato yakan jawo jinkiri, har cizon sauro ko ƙyanda ko ciwon huhu ko sanƙarau su ci ƙarfin yaro. Annobar sanƙarau ta 1996 a arewacin Nijeriya ta isa ishara.

Alamomin da ke wajabta garzayawa asibiti sun haɗa da ƙin kama nono ko shan ruwa, da amayar da duk abin da aka ci, da sanƙarewar wuya, da kumburin maɗiga, da numfashi da ƙyar, da nauyin barcin da ba a iya tayar da yaro daga gare shi. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓin kaɗai ya isa dalili.

3.0 Matakan Kulawa

A rage wa yaro tufafi, kada a lulluɓe shi da bargo, kada kuma a kwara masa ruwan sanyi. A yawaita ba shi nono da abin sha. Ana iya ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, wato miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau 4 a yini da dare ba. Asfirin bai dace da yara ba.

Taune-taune, wato jijjigar da zazzaɓi ke kawowa, ya fi samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5. A kwantar da yaro a gefensa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Daga nan sai asibiti, musamman idan jijjigar ta wuce minti 5.

Har ila yau, ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da magani. Kulorokwin kuwa, Nijeriya ta sauya shi da haɗin magungunan ACT a 2005, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa saukar zafin jiki bayan shan farasitamol ba ta nufin yaro ya warke, matuƙar ba a gano tushen cutar ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.