Rabewar Pakistan a 1971: Kurakuran Siyasa da na Soja

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna yadda kuskuren siyasa ya haifi kuskuren soja, har ƙasar Pakistan ta rabe biyu.

Tun ran gini ran zane. Da aka kafa ƙasar a 1947, akwai tazarar kimanin mil 1,000 tsakanin ɓangarorinta biyu, Indiya na tsakiya. Gabas ta fi yawan jama'a, kuma ramar da take nomawa ke kawo kuɗin waje, amma mulki da manyan hafsoshin soja suna Yamma. A 1948 Jinnah ya ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Ran 21 ga Fabrairu, 1952, 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Daka saboda neman haƙƙin harshen Bangali.

Zaɓen Disamba 1970 shi ne zakaran gwajin dafi. Jam'iyyar Awami ta Shaihu Mujibur Rahman ta ci kujeru 160 daga cikin 300, ta Zulfikar Ali Bhutto kuwa 81. Watau bisa ƙa'ida Mujib ne zai kafa gwamnati. Bhutto ya ƙi zama a majalisa, Janar Yahya Khan kuma ya ɗage zamanta ran 1 ga Maris, 1971. Daren 25 ga watan soja suka auka wa Daka, suka yi kashe-kashe har cikin jami'a. Daga nan Bangalawa suka ɗauki makamai, mutane kusan miliyan 10 suka yi gudun hijira zuwa Indiya.

Ta fuskar soja, hafsoshi sun dogara da ra'ayin cewa daga Yamma ake kare Gabas, saboda haka ba su ajiye isassun jiragen yaƙi can ba. Indiya ta hana su ratsa sararin samaniyarta, sai an zagaya ta Silon kafin a kai gudummawa. Janar Niazi kuma ya warwatsa dakarunsa a bakin iyaka, cikin jama'ar da ta juya musu baya. Pakistan ta kai wa Indiya hari ran 3 ga Disamba. Ran 16 ga watan Niazi ya miƙa wuya, aka kama fursunoni kimanin 90,000, Bangaladash ta tabbata.

A taƙaice, muna ganin tun ranar da aka ƙi bin hukuncin ƙuri'a aka rasa Gabas. Bindigar da aka ɗauka don riƙe ta ita ta ƙarasa raba ta.