Tambayi kwamfutar da kanta

'Yar takardar nan da ake mannawa a jikin laftof, mai ɗauke da Core i5 ko Core i7, sau da yawa sunan dangi kawai take faɗa. Mai son sanin ainihin furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'urar lissafi, sai ya buɗe taminal, baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya tambaye ta kai-tsaye.

A Linux kalma ɗaya ta isa: lscpu. Da ka rubuta ta ka danna Enter, za ta tattaro bayani daga fayil ɗin /proc/cpuinfo da makamantansa, ta jera maka. Layin farko, Architecture, shi ke nuna irin ƙirar furosesar. Yawancin laftof za su ce x86_64, na'urori masu ƙirar ARM kuma su ce aarch64. Manhajar da aka gina domin ɗaya ba ta tashi kai-tsaye a kan ɗayar, shi ya sa ake dubawa kafin a ƙona data wajen sauke ta. Idan ka ga amd64 a sunan fayil alhali kwamfutarka Intel ce, kada ka ja da baya. Kamfanin AMD ne ya fara fito da wannan ƙira mai bit 64 a 2003, Intel ya bi sahu, sunan ya zauna.

Akwai gajeren umarni, uname -m, amma yana da tarko: tsarin da aka ɗora wa na'urar yake kallo. Furosesa mai bit 64 da aka sa mata Linux mai bit 32 za ta amsa i686. Layin CPU op-mode(s) na lscpu ne ke warware wannan.

Inda na fi so mai sayen kwamfuta ta hannu ya tsaya shi ne Model name. Ɗauki i7-3520M da i5-8250U. A waɗannan biyun, lambar farko bayan 'yar sandar ita ce zubin: ta farko zubi na uku ce, ta 2012, ta biyu zubi na takwas, ta 2017. Sai a duba Core(s) per socket, adadin injinan lissafi na gaske da ke cikinta. Tsohuwar i7 biyu gare ta, i5 ɗin kuwa huɗu. Layin CPU(s) na iya ruɗar mutum, domin a irin waɗannan furosesoshin kowane inji yana gudanar da layin aiki biyu, sai a ga 4 a inda biyu ne kawai. Ke nan wanda ya ƙara kuɗi saboda ya ga i7 a jiki ya sayi wadda ta fi rauni, kuma Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, don daga zubi na takwas jerin furosesoshin Intel da take karɓa ya fi farawa. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Can ƙasa, cikin cunkoson Flags, a nemi vmx a Intel ko svm a AMD. Su ke nuna furosesar za ta iya ɗaukar wani tsarin a cikin wanda ke kanta.

Mai Windows ya buɗe taminal ɗinta, wato cmd, ya rubuta systeminfo. Mai Mac kuma ya rubuta sysctl -n machdep.cpu.brand_string, zai ga ko Intel ce ko ɗaya daga cikin furosesoshin Apple da suka fara da M1 a 2020.