Katangar Ganye: Yadda Itacen Tuja Ya Mamaye Gidajen Amurka da Turai

Duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari a Amurka, Kanada ko Jamus zai yi ta ganin dogon layin itatuwa kore shar, an jera su a kan iyakar gida da gida. Wannan shi ne tuja, wanda Amurkawa ke kira arborvitae, kalmar Latin mai nufin itacen rai. Ba ya kaɗe ganye ko da hunturu ya yi tsanani.

Asalinsa dazuzzukan gabashin Kanada ne da arewa maso gabashin Amurka. A hunturun 1535 zuwa 1536, cutar rashin bitamin C ta kwantar da ma'aikatan jirgin Bafaranshe Jacques Cartier a inda birnin Kebek yake a yau. 'Yan asalin ƙasar suka nuna musu yadda ake dafa ganye da ɓawon wani itace a sha, suka warke. Masana da yawa suna ganin tuja ne, kuma a wancan ƙarnin aka kai shi Faransa.

Me ya sa itacen daji ya zama katanga? Dalili na farko shi ne neman sutura. Gidajen can ba su da doguwar katanga irin tamu, kuma garuruwa da dama a Amurka ba sa barin shingen katako ya wuce ƙafa 6. Filaye sun matse, benen maƙwabci yana leƙen tsakar gida. Itace kuwa sau da yawa dokar ba ta hana shi tsawo.

Na biyu, masu renon dashe sun samar da iri daidai da buƙata. A 1950 gandun Poulsen na ƙasar Danmak ya fitar da Smaragd, siriri, mai kai mita 4 ba tare da ya ci fili ba. Daga gandun ne kuma aka kai wa cibiyar itatuwa ta gwamnatin Amurka da ke Washinton wani iri a 1967, wanda daga baya aka raɗa wa suna Green Giant. Idan ya samu ƙasa mai kyau yana ƙara kusan mita 1 a shekara, har ya haura mita 15. Da cuta ta addabi Leyland, itacen shingen da aka fi yayi a kudu maso gabashin Amurka, sai jama'a suka koma kan Green Giant. Ga sauƙin yaɗawa: reshe ake yanka a kafa ya yi saiwa.

Amfaninsa a fili yake. Yana tare iska da ƙura, tsuntsaye suna samun mafaka a cikinsa, yana jure sanyi da aski.

Sai dai sauƙin yaɗawar nan shi ne tushen matsala. Tunda duk daga reshe aka samo su, itatuwa 30 da ke layi ɗaya tamkar itace guda ne, abin da ya kama ɗaya zai kama saura. A gabashin Amurka wata tsutsa mai saƙa wa kanta jaka da ganye tana cinye su. Da hunturu barewa tana kiwon Smaragd iya inda bakinta ya kai, ta bar ƙasa tsirara. Abin takaici, tuja ba ya tohuwa daga tsohon reshen da ya rasa ganye, don haka giɓin da aka yi ya zauna ke nan.

Saiwarsa ba ta nitsa ƙasa sosai, shi ya sa fari ke saurin galabaitar da shi. Bayan farin 2018 da 2022, shingaye da yawa sun bushe a Jamus da Faransa, ƙwari masu huda itace suka ƙarasa waɗanda suka raunana. A yammacin Amurka kuwa masu kashe gobara suna gargaɗi a kan dasa shi jikin gini, domin yana da mai a ganye, kuma busassun ganye suna taruwa a cikinsa. Faransawa har laƙabi suka yi masa, koren kankare, saboda ba ya ba ƙudan zuma abin tsotsa. Tsawonsa ma kan haɗa maƙwabta faɗa: dokar Birtaniya ta 2003 ta ba ƙananan hukumomi ikon shiga tsakani idan irin wannan shinge ya wuce mita 2 ya tare wa wani haske.

Idan aka auna, laifin ba na itacen ba ne. A tsaunukan Niyagara akwai tuja da ya haura shekara 1,000 a tsagin dutse. Gaggawar mai gida ce ke jawo asara: ya matse dashe don ya rufe da wuri, ya zurfafa rami fiye da kima, ya daina ban ruwa kafin saiwa ta kama. Mai son shinge mai ƙarko ya fara duba ƙasarsa da ruwansa, ya ba kowane dashe tazara, ya nisanta shi da bango, ya kuma gauraya shi da itatuwan yankinsa. Shingen iri uku ko huɗu ba ya mutuwa rana ɗaya.